Gargaɗi ga masu shirin biki a Kaduna: mai giyar inabin nan da ke gayyatar mutane ɗanɗano ɗan damfara ne

Duk mai shirin biki a wannan Disamba, ko a Narayi yake, ko Sabon Tasha, ko Television, ko Kakuri, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa wani kuɗin giyar inabi. Akwai wani mutum da ke yawo a kudancin garin nan yana sayar da jar giyar inabi da sunan ta manyan gidajen Faransa ce. Kawuna ya faɗa hannunsa makonni uku da suka wuce, a hidimar auren 'yarsa ta ƙarshe, kuma naira dubu 576 suka tafi. Kuɗin sallamarsa ne na shekarun da ya yi yana koyarwa. Sunaye uku daban-daban na ji ana kiran mutumin da su, lambar wayarsa ma ya riga ya canza, don haka salon aikinsa zan bayyana muku, shi ne abin da bai canza ba.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba sa shan giya, wasu don addini, wasu don lafiya. Ku ma kada ku wuce. Mutumin yana da wasu kwalabe da yake cewa ruwan inabi ne marar barasa, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna sayen irinsu don walima da kamu. Wanda ke ɗura kwalba da hannunsa a bayan ɗaki, ba ka da tabbacin abin da ya zuba a kowacce.

Ba ya bin mutum da talla. Ta wurin masu abincin biki da masu haya kujeru yake samun lambar wanda ke da hidima, sai ya aiko da saƙo ta WhatsApp cikin ladabi, yana gayyatarka ɗanɗano ranar Asabar da yamma a wani lambun shaƙatawa a Barnawa, kyauta. Kawu ya je da abokinsa. Suka tarar da tebur da farin ƙyalle, da kofunan gilashi masu dogon wuya, da mutum biyar ko shida da ke ta yabon kaya. Ya buɗe kwalba a gabansu, ya zuba wa kowa kaɗan, ya koya musu yadda ake juya kofi a sansana kafin a kurɓa. Yana zubawa yana ba da labarin masu gonar kamar tare suka tashi, wai ya taɓa kwana a gidansu. Da aka zo kan farashi sai ya rage murya, ya ce kayan gwanjon kwastam ne, shi ya sa yake ba da katan mai kwalba shida a kan dubu 72, kuma saura kaɗan. A nan take Kawu ya tura dubu 300 kafin alƙalami na katan takwas.

Abin da suka sha a lambun nan giya ce ta gaske. A nan tarkon yake. Abin da ka ɗanɗana daban, abin da za a kawo maka daban, kuma ba ya kawowa sai daren jajibirin biki, lokacin da gida ya cika da baƙi, ana ta girki, ba mai natsuwar duba komai. Ya sauke kaya daga but ɗin mota, ya karɓi cikon kuɗi, ya ce yana sauri zai kai wa wasu a Gonin Gora. Ba rasit.

Ni na yi shekara goma sha biyu ina aiki a sashen abin sha na wani otal a garin nan, don haka da na iso wajen ƙarfe goma na dare sai Kawu ya ja ni ɗaki da fara'arsa ya ce, "Ɗana, zo ka ga abin da na samo wa ƙanwarka." Na ɗaga kwalba ɗaya na haska ta da fitilar waya, gabana ya faɗi. A takardar jikinta an rubuta Bordeaux da manyan baƙaƙe, ƙasa kaɗan kuma an rubuta Pinot Noir. Waɗannan biyun ba sa haɗuwa. Bordeaux, wanda ake furtawa Bordo, yanki ne a kudu maso yammacin Faransa, kuma jar giyarsa da inabin Merlot da Cabernet Sauvignon da danginsu ake yin ta. Pinot Noir inabin yankin Bourgogne ne, can gabas. Ko siffar kwalabensu ba ɗaya ba ce: ta Bordo tana da kafaɗa a tsaye, ta Bourgogne kafaɗarta a zube take. Da na jera shida a kan tebur sai ga masu kafaɗa huɗu, marasa kafaɗa biyu, duk da takarda iri ɗaya. Ruwan cikinsu ma bai tsaya wuri ɗaya ba, wata har wuya, wata ta sauka da kaurin yatsa biyu. Injin masana'anta ba ya cika kwalba haka.

Na yanke hular wuyan ɗaya, na ji gam yana kama mini yatsa. Matoshin da ke ƙasa yana da tsohon rami a tsakiyarsa, wato an taɓa cire shi an mayar. Da na zaro shi, sunan da aka buga a jikinsa na wani kamfani ne daban, ba wanda ke kan takardar ba.

Na ce, "Kawu, a samo mini kofi da farin faranti."

Bari in ɗan tsaya a nan, domin wanda bai san ta gaske ba ba zai gane ta bogi ba. Launin jar giyar inabi daga fatar inabin yake fitowa, domin ana barin ruwan ya tsimu tare da fatar har kwanaki. In ka karkata kofin a kan farin abu za ka ga tsakiyar ta yi duhu, gefen ya yi haske, kuma in ta yi shekaru a ajiye gefen yakan koma kalar jan bulo. In ka juya ka kai hanci, ƙamshin ba ɗaya ba ne, yana zuwa bi da bi: wani kamar ɗinyar da ta nuna sosai, wani kamar katako, wani kamar ƙasa bayan ruwan farko. A baki kuma akwai bauri irin na goro, wanda ke kama dasashi ya busar da harshe kaɗan, sannan ya saki a hankali. Daga fata da ƙwayar inabin baurin nan yake zuwa, da kuma gangar katakon da aka adana ta. Zaƙinta kaɗan ne ƙwarai, domin yis ya riga ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Bayan ka haɗiye, ɗanɗanon yakan zauna a baki na ɗan lokaci, kuma da daɗewar nan ake gane mai kyau.

Wadda na zuba a daren nan launinta ɗaya ne daga tsakiya har gefe, ja mai ƙyalli kamar rinin kaya. Warin sifirit ne ya fara bugun hancina. Na taɓa da harshe kawai na tofar: zaƙi kamar alewa, tsami kamar zoɓon da ya kwana, sai zafi a maƙogwaro. Babu bauri ko kaɗan.

Kawu ya zauna a bakin gado ya yi shiru. Can sai ya ce, "To yara biyu sun riga sun ɗauki ɗaya." Abokan ango ne, sun shanye ta a waje. Da asuba suka tashi da ciwon kai mai tsanani da amai, muka kai su asibiti aka yi musu ƙarin ruwa, Allah ya taimaka suka warware. Sauran kwalaben ba ko ɗaya da ta kai teburin biki.

Asarar kuɗin ta yi mana ciwo, amma ba ita ta hana ni barci ba. Masu irin wannan haɗi sukan nemi barasa mafi araha, kuma a cikin sifirit na masana'antu akan sami sinadarin metanol. Kimanin ƙaramin cokali biyu na zallarsa kan iya makantar da mutum, abin da ya ɗara haka kaɗan kan iya kisa. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa nan take, yakan ɗauki sa'o'i goma sha biyu zuwa kwana guda kafin ciwon ciki da amai da dishi-dishin gani su bayyana, mutum yana zaton gajiyar biki ce. A 1986 a Italiya, ƙasar da ta yi suna a giyar inabi, giyar da aka haɗa da metanol ta kashe mutane kusan ashirin, wasu suka makance. A nan gida ma, a 2015, ogogoro mai metanol ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas. Duk wanda ya sha abin da bai yarda da shi ba, idanunsa suka fara hazo, a kai shi asibiti a lokacin, a tafi da kwalbar. Kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Ina suke samun kwalaben? A wurinmu. Lokacin da nake otal, samari kan zo ƙofar baya su ce mana, "Oga, akwai kwalba?" Masu kyawun takarda suka fi so, har sukan roƙi a haɗa musu da matoshi, kuma suna biyan abin da ya ninka na 'yan jari bola. Ma'aikata da yawa sun sayar ba tare da sun tambayi inda za a kai ba. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba, ta rufe shaguna fiye da 240 da aka mayar wuraren haɗa giya da lemon bogi, a cikin tsofaffin kwalabe na kamfanoni sanannu. Ina roƙon 'yan uwana masu aikin otal da wuraren biki, kwalbar da ta ƙare a yage takardarta, a jefar da matoshin daban.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mutumin nan ke ɗaukar sunan mutanen kirki yana cin abinci da shi. Mai gonar inabi sau ɗaya yake girbi a shekara, a Faransa wajen Satumba zuwa Oktoba. Ƙanƙara ɗaya ko sanyin dare ɗaya a farkon tsiro kan iya cinye masa amfanin shekara. Bayan girbi, manyan gidajen Bordo sukan ajiye giyar a gangar katako mai cin lita 225, wato kwalba 300, ta yi shekara ɗaya da rabi ko kusan biyu ana kula da ita kafin a ɗura. Tun 1855 aka jera darajar gidajen yankin, kuma biyar kaɗai ke sahun farko a yau: Lafite Rothschild, Latour, Margaux, Haut-Brion, da Mouton Rothschild wanda sai a 1973 aka ɗaga shi. Kwalba ɗaya ta waɗannan ɗaruruwan daloli ce. Wanda ya ce zai ba ka ajinsu a kan dubu 12 ya riga ya gaya maka ƙarya yake, sai dai zaƙin baki kan sa a manta cewa araha ba ta ado.

Kada kowa ya yi wa Kawu dariya. Attajiran Amurka da suka ƙware a harkar nan an yi musu irin wannan sakiyar da ba ruwa. Wani Rudy Kurniawan ya yi shekaru yana sayar musu da kwalaben da ya haɗa a gidansa a Kalifoniya, a kan miliyoyin daloli. Wani mai gonar inabi ne ya tona shi. A 2008 Laurent Ponsot ya ji za a yi gwanjon giyar gidansu mai suna Clos Saint-Denis a New York, ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidansu bai fara yin ta ba sai 1982. Ya hau jirgi ya je da kansa, aka janye kayan. An kama Kurniawan a 2012, aka tarar da takardu da matosai da kwalabe fal gidansa, a 2014 aka yanke masa shekara goma. Dabara ɗaya ce da ta mutumin Barnawa, kuɗin ne kawai suka bambanta.

In dole sai ka sa jar giya a teburinka, je shago mai adireshi, wanda za ka iya komawa gobe ka tarar da shi, ka karɓi rasit. Ba sai mai tsada ba. Akwai Pinotage na Afirka ta Kudu, da Malbec na Ajantina, da Tempranillo na Sifen, masu matsakaicin farashi kuma na gaskiya, sun fi kwalbar bogi mai babban suna sau dubu. Duba lambar NAFDAC da sunan wanda ya shigo da kayan, amma kada ka tsaya nan, domin lamba ma ana buga ta bogi. A kawo kaya da rana, aƙalla mako guda kafin biki, kai da kanka ka zaɓi katan ka zaro kwalba daga tsakiya a buɗe a gabanka, sannan ka biya. In mai kaya ya fara cewa buɗewa zai ɓata masa lissafi, bar masa kayansa. Giyar da ta yi kwanaki a but ɗin mota a zafin Kaduna, ko da ta gaske ce, ta riga ta dahu.

Wanda ya riga ya saya a hannun mutumin nan kada ya zubar duka, kuma kada ya ba wa kowa don kawai kada kuɗi su tafi a banza. A ajiye kwalabe biyu ba a buɗe ba, a ɗauki hoton hirar WhatsApp da shaidar tura kuɗi mai ɗauke da sunan asusun, a kai ofishin NAFDAC na nan Kaduna da caji ofis mafi kusa. Mu mun kai namu. Ranar bikin kuwa zoɓo da kunun aya Inna da ƙannenta suka kwana suna haɗawa, su aka raba wa baƙi. Jiya wata mai abincin biki ta nuna mini saƙon da aka turo wa wani mai hidima a Unguwar Boro daga sabuwar lamba: hoton teburin nan ne mai farin ƙyalle, da gayyatar ɗanɗano ranar Asabar mai zuwa.