Kwalin koyar da ɗebewa da hotuna: wasu katunan sun yi amfani, mafi yawansu kuma suna rikita yaro

Irin kwalin nan ne da ake tallata wa iyaye da cewa zai koya wa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 lissafin ɗebewa ta hanyar hotuna. Suna da yawa a kasuwa, sunayen ne kawai suka bambanta, kayan ciki kusan duk ɗaya. Wanda na saya yana ɗauke da katuna iri biyu, da ɗan allon ƙarfe mai gidaje goma, da ƙananan agwagin roba masu maganaɗisu a ƙasa, da maka (alƙalamin rubutu) mai gogewa, sai 'yar takardar bayani. 'Yata mai shekara huɗu da rabi na saya wa, amma ɗan ƙanwata da ya girme ta da 'yan watanni shi ma yakan zauna tare da mu, don haka a kan yara biyu na gwada shi.

Katunan da suka fi burge ni su ne na labari. Kowanne an raba shi gida uku. A gidan farko agwagi biyar suna iyo a tafki. A na biyu, guda biyu sun fito bakin ruwa sun juya baya suna tafiya. A na uku babu su sam, sai uku da suka rage. Ba lamba ko ɗaya a fuskar katin, duk an kai su baya. Wanda ya zana wannan ya san abin da yake yi, domin ɗebewa abu ne da ke faruwa cikin lokaci: akwai yadda abu yake a da, akwai abin da ya same shi, akwai kuma yadda ya koma. Hoto guda a tsaye ba ya iya ɗaukar wannan, amma uku a jere suna iyawa. Ban yi wa 'yata wani dogon bayani ba. Na nuna gidan farko na ce ta ba ni labari, ita da kanta ta ce biyu sun gaji da wanka sun tafi gida, saura uku. Da na rufe gida na uku da tafin hannuna a kati na gaba, ta yi shiru tana kallon na tsakiya, sannan ta faɗi amsa kafin in ɗaga hannu.

Wannan bai ba ni mamaki sosai ba. Tun a 1992 wata mai binciken halayyar yara, Karen Wynn, ta gwada jarirai 'yan wata biyar. Ana ajiye 'yar tsana biyu a gabansu, a kare da labule, sai hannu ya shiga a kan idonsu ya fitar da ɗaya. Idan aka janye labulen suka tarar da biyu har yanzu, sukan daɗe suna kallo fiye da idan ɗaya suka tarar, kamar masu cewa akwai abin da bai daidaita ba. Masana na ta muhawara kan ko wannan ya kai a kira shi lissafi, amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne yaro ya san ma'anar a ɗauke abu tun kafin ya iya magana. Aikin hoto shi ne ya tuna masa abin da ya riga ya sani, kuma katunan labarin sun yi hakan.

Matsalar tana cikin kashi na biyu, kuma su ne suka fi yawa a kwalin. Ga balan-balan shida, an ja wa biyu jan layi gicciye, a ƙasa an rubuta 6 − 2 da gurbin amsa. Mu manya mun saba, muna ganin jan layi mun san ana nufin an cire. Yaro bai sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Na tambayi 'yata saura nawa, ta ƙirga ta ce shida. Na ce ta sake dubawa, ai biyu sun tafi. Ta ce, "Umma, ai ga su nan, zane kawai aka yi musu." To me zan ce? Gaskiyarta ce, suna nan. Shi kuma ɗan ƙanwata nasa salon daban: jan launin ne ke fizgar idonsa, sai ya ƙirga waɗanda aka soke ya ce amsa biyu. A katin da aka rubuta 4 − 2 sai ya dace, kuma da a kan wannan kati kaɗai na tsaya da na ɗauka ya gane.

Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan muni. An zana kifi biyar a hagu, alamar ɗebewa a tsakiya, sannan wasu kifaye biyu a dama. Jimilla kifi bakwai ke nan a kan katin da ke son yaro ya ce uku. An ɗauko tsarin katin tarawa ne aka canza alamar kawai, ba a yi tunanin cewa biyun da za a ɗebe daga cikin biyar ɗin ya kamata su fito ba. Duk yaron da ya ce bakwai ya ƙirga daidai. Waɗannan na tattara su na ɗaure da roba na ajiye a saman kabad, kuma ina ba duk mai niyyar saye shawara ya buɗe kwalin ya duba ko akwai irinsu.

Na masu jan layin kuwa na samo musu dabara. Na daina nuna waɗanda aka riga aka soke. Ina ɗauko gidan farko na katin labari, tunda an lulluɓe shi da leda mai gogewa, in miƙa mata makar in ce guda biyu sun tafi, ta soke su da kanta. Da zarar hannunta ne ya ja layin, ba ta ƙara ƙirga su. Bayan ta saba da haka ne na dawo da na bugawa, kuma a lokacin ta gane abin da layin ke nufi. Takardar bayanin ba ta ce komai a kan wannan ba, alhali layi biyu sun ishe ta.

Abin haushin, takardar ta san ka'idar. Ta ambaci matakai ukun da ake dangantawa da masanin halayyar ɗan Adam Jerome Bruner tun 1966: yaro ya fara da abin da zai taɓa da hannu, sannan hoto, sannan alama. Tsarin da Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare a kai ke nan tun shekarun 1980. Amma kwalin ya faɗa da baki ya saɓa a aikace, domin yawancin katunansa sun manna alamomi a ƙarƙashin hoto tun daga na farko. Ban ga dalilin gaggawar ba. Alamar ɗebewa da muke rubutawa sai a 1489 ta fara bayyana a littafin da aka buga, na Johannes Widmann a Jamus, alamar daidai kuma sai 1557 daga Robert Recorde. Mutane sun shafe dubban shekaru suna ɗebewa a ciniki da rabon kaya ba tare da su ba, ɗan shekara huɗu ma zai iya jira 'yan watanni.

Allon mai gidaje goma yana da kyau ƙwarai. Layi biyu ne, biyar-biyar. Amfaninsa shi ne yaro yana ganin yawan abu ba sai ya bi ɗaya-ɗaya da yatsa ba. Ido yana iya kama uku ko huɗu kai tsaye, fiye da haka sai an ƙirga, sai dai idan an jera su cikin tsari da aka saba gani. Da layin sama ya cika, yaran sun san biyar ne. A cire ɗaya, gurbin da ya bari yana nan a fili yana nuna abin da ya tafi. A nan ne ɗan ƙanwata ya daina ruɗewa tsakanin abin da aka ɗebe da abin da ya rage, saboda waɗanda aka cire suna cikin hannunsa, sauran suna kan allo. A allon ne kuma muka haɗu da sifili, don kati ɗaya tak ya taɓo shi. Na jera uku na ce ta cire uku, ta kalli allon wayam ta fashe da dariya ta ce sun ƙare.

Shekarun da aka rubuta a kwalin ban yarda da su ba. Ɗan shekara uku da yawa yana iya rera ɗaya zuwa goma kamar waƙa, amma bai gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin gaba ɗaya ba. Wannan na cikin ka'idojin ƙirga da Rochel Gelman da Randy Gallistel suka bayyana a 1978. Gwajin mai sauƙi ne: zuba maɓallai a gabansa ka ce ya ba ka huɗu. Idan ya damƙo cikin hannu ya miƙo, ko ya ƙirga ya wuce huɗu bai tsaya ba, ɗebewa ba ta zo ba tukuna, kuma babu katin da zai jawo ta.

Wani gibin da na gani shi ne duk katunan ɗebewa iri ɗaya suke koyarwa, wato wani abu ya tafi, saura nawa. Babu na kwatanta abu biyu, kamar wa ya fi wani kuma da nawa. Wannan ya fi wuya ga yara, kuma yawanci yadda ake tambayar ce ke da wuyar. A 1983 wani mai bincike, Tom Hudson, ya nuna wa ƙananan yara hoton tsuntsaye biyar da tsutsa uku. Da aka tambaye su da nawa tsuntsaye suka fi tsutsotsi yawa, kaɗan ne suka amsa daidai. Da aka ce kowane tsuntsu zai ɗauki tsutsa ɗaya, nawa ne ba za su samu ba, mafi yawansu suka amsa. Na zana irin wannan da kaina a bayan katunan kifin da na ajiye, yara biyar da kujeru uku, na ce su wa za su rasa wurin zama. 'Yata ta ja layi daga kowane yaro zuwa kujera ta ce biyu. Aƙalla katunan sun yi wani amfani.

Ta fuskar ƙarko, katunan suna da kauri, an zagaye kusurwoyinsu, kuma ruwa ya zube a kansu ba su lalace ba. Makar ce ba ta da kirki, ta bushe da wuri, sai da na sayi wata. Takardar ta ce a zauna minti ashirin kullum. Nawa yaran ba sa kai haka, da sun fara jera agwagi a gefen tebur suna musu kuka na san zaman ya ƙare, kuma ban ga abin da hakan ya rage musu ba.

Maganaɗisun kuwa sai an lura. A ƙasan agwagin aka manna su da gam, kuma ɗaya ya ɓalle a hannuna ina goge shi, ƙarami kamar maɓallin riga. Haɗiye maganaɗisu ba kamar haɗiye tsakuwa ba ne. Idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya jan juna daga sassa daban na hanji su matse naman da ke tsakani har ya huje, kuma wannan sai tiyata. Na bi sauran ɗaya-ɗaya ina ƙwaƙula da farce, na cire biyu da suka yi sako-sako, kuma ina ƙirga su kafin in mayar cikin kwali. Gidan da ke da mai rarrafe gara a ajiye agwagin nesa, a shimfiɗa allon a ƙasa a yi amfani da manyan marafan kwalba, gidajen sun ishe su zama.