Shingrix ko Zostavax: wanne za a yi wa Mama?

'Yar'uwa, kin ce Mama mai shekara 63 tana Amurka wajen yayanku, likita ya ba da shawarar a yi mata rigakafin shingil, kin ci karo da sunaye biyu, kuma kina fargabar abin da allurar za ta jawo mata. Fargabar tana kan hanya, amma ki fara duba abin da ake gudu.

Shingil ƙwayar ƙarambau ce da ta lafe a jijiya tun yarinta, sai girma ya zo ko garkuwar jiki ta yi rauni ta farka. Na ga abin da ta yi wa kawuna. Ƙuraje masu ruwa suka jeru a gefe ɗaya na haƙarƙarinsa, suka bushe cikin 'yan makonni, amma zafin ya ƙi tafiya. Wata da watanni yana zaune a tsakar gida ba riga, don ko yadi ya taɓa wurin sai ya yi ƙara.

Zostavax na kamfanin Merck shi ne tsohon, ya fito a 2006. Allura ɗaya ce, an yi ta da ƙwayar cutar mai rai da aka raunana. Tana rage haɗarin kamuwa da kusan rabi, kuma ƙarfinta yana dusashewa da shekaru. Saboda ƙwayar tana da rai, ba a yi wa mai juna biyu ko wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. Amurka ta daina amfani da ita tun Nuwamban 2020, don haka da wuya Mama ta same ta a can.

Shingrix na kamfanin GSK ya samu amincewa a 2017. Babu ƙwaya mai rai a ciki, kuma kariyarsa ta haura kashi 90 cikin 100. Allura biyu ce, tsakaninsu wata 2 zuwa 6. A Amurka ana yi wa duk wanda ya kai shekara 50, da mai shekara 19 zuwa sama in garkuwarsa ta yi rauni. Ko wanda ya taɓa yin shingil, ko aka taɓa yi masa Zostavax, ana so ya karɓa. Sai dai a jira in ƙurajen suna jiki a lokacin, ko mutum yana kwance da zazzaɓi mai tsanani. Wanda kuma allurar farko ta tayar masa da mummunan borin jini ba a ƙara masa.

To, wajen abin da ke biyo bayan allurar ne Shingrix ya fi tsohon wahalarwa, kuma ba zan ɓoye miki ba. Yawancin mutane damtsensu yana yin tsami, wasu su yi ciwon jiki, kasala, ciwon kai, rawar sanyi ko zazzaɓi. Kusan mutum 1 cikin 6 sai ya ajiye aikinsa ya kwanta. Kwana 2 zuwa 3 abin ya wuce. Akwai kuma ɗan ƙaramin haɗarin ciwon jijiyoyi da ake kira Guillain-Barré, wanda ba kasafai ake gani ba; in ƙafafu suka fara sanyi ko rauni a garzaya asibiti.

Ki gaya wa yayanku ya zaɓi ranar da Mama ba ta da tafiya ko biki washegari. Kuma don Allah, in ta farko ta ba ta wuya, ku lallashe ta ta koma ta karɓi ta biyun kafin ta dawo gida.