Yadda ake gina wa damo gida a Ingila

'Yan uwa, tun zuwana Ingila nake aiko muku da labarin abin da ake saye da sayarwa a nan, amma babu shagon da ya tsaya mini a rai kamar wanda na shiga cikin hunturun da ya wuce, ranar da wani abokin aikina ya ce in raka shi sayen abincin ƙadangarensa, wani mai ƙaya a maƙogwaro wanda asalinsa daga Ostareliya ne. Shagon babu kare babu kyanwa, sai macizai da ƙadangaru da hawainiya da kunkuru, kowanne cikin akwatin katako mai ƙofar gilashi. A can ƙurya na hango damo, irin namu na gida sak, ya baje ciki a kan wani falalen dutse ƙarƙashin fitila, yana lumshe ido kamar yadda yake yi a bakin raminsa da hantsi.

Abu na farko da mai kiwon waɗannan dabbobi yake saye a nan shi ne rana, domin jikinsu ba ya samar da ɗumi da kansa, ƙasar kuwa sanyi ne da hadari mafi yawan shekara. Fitila iri biyu ake ɗaurawa. Ɗaya ta zafi ce, ana sa ta a gefe guda na akwatin har wurin ya kai kusan digiri 40 ga irin ƙadangaren abokina, a bar ɗaya gefen da sanyi domin dabbar ta riƙa kai da komowa, yadda ƙadangarenmu yake hawa katanga da safe ya koma inuwa da azahar. Ta biyun tana fitar da hasken da ake kira UVB, wanda da shi fata take haɗa bitamin D3, shi kuma yake sa jiki ya amfana da kalsiyam. Idan babu shi ƙashi yakan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Gilashin taga yana tare wannan haske, saboda haka ajiye akwati kusa da taga ba ya wadatarwa, kuma ana sauya fitilar bayan wata 6 zuwa 12 ko da tana ci, domin ƙarfinta yana raguwa ba tare da ido ya gani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙasar da ake shimfiɗawa. Har yanzu akwai masu ajiye maciji a cikin akwatin roba mai kama da aljihun tebur da takardar jarida da kwanon ruwa, su ce ya fi sauƙin sharewa, kuma ni dai ban ga rayuwa a cikin wannan ba. Masu sabon salo suna cakuɗa ƙasa da yashi, su zuba busasshen ganye da ɓawon itace, su dasa tsirrai masu rai, sannan su saki wasu ƙananan ƙwari da ake sayarwa a cikin robobi, waɗanda aikinsu shi ne cinye kashi da ruɓaɓɓen ganye. Na ga mai shagon ya ɗaga wani guntun ɓawo, sai ga su suna gudu a ƙarƙashinsa, ƙasar tana ƙamshin damina. Ana ƙara rassan hawa da maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a wajen zafi ɗaya a wajen sanyi, kuma lokaci zuwa lokaci a sauya musu wuri domin dabbar ta sami abin bincike.

Abinci kuwa, fara ce da gyare masu rai a cikin ƙananan akwatuna, sai daskararrun ɓeraye na macizai. Ana barbaɗa wa farar garin kalsiyam, a watsa ta cikin ganye domin ƙadangaren ya yi farauta da kansa.

Duk da wannan tanadi, damo yana shan wahala a nan, kuma abin yana damuna. Yawancin waɗanda ake sayarwa daga Ghana da Togo da Benin ake kawo su suna ƙanana, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke lura da cinikin namun daji, kuma ba su da tsada, sai mutum ya saya bai san abin da ya ɗauko ba. A daji abincin damo ƙwari ne da dodon koɗi da ƙadandoniya da kunama, yana haƙa rami mai danshi, da rani kuma ya lafe ya rage ci. A nan sai a ɗora shi a kan cin ɓera duk shekara a cikin akwatin da ba shi da ƙasar haƙa, kitse ya taru a jikinsa, ya mutu tun bai tsufa ba. Haƙurin da muka san shi da shi ne yake sa mai shi ba ya gane yana ciwo da wuri.

Ta fannin hidima sun yi mana nisa. Akwai likitocin dabbobi da suka ƙware a kan masu rarrafe, akwai shagunan da za ka bar musu dabbarka idan za ka yi tafiya, kuma dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai kiwo buƙatu 5, ciki har da muhallin da ya dace da kuma barin dabba ta yi ɗabi'arta.

Wannan ne ya tuna mini da kunkurun da ke gidanmu, irin babban nan na Sahel wanda namijinsa kan haura kilo 50, wanda a nan sai an gina masa ɗaki mai ɗumi kafin ya tsallake hunturu. Mu Allah ya ba shi rana kyauta, amma a kan siminti yake kwana, kuma ragowar tuwo ake zuba masa. Ina roƙon Yaya a ware masa gefen bayan gida mai ƙasa da inuwa inda zai haƙa raminsa, a riƙa ba shi ciyawa da harawa da ruwa a faffaɗan kwano, kuma kada a bari yara su huda ƙoƙonsa don ɗaura igiya, domin akwai jini da jijiya a cikinsa, yana jin zafin.