Sharhi Kan Kwas ɗin Tarihin Duniya da Na Yi ta Intanet

Na kammala wannan kwas na tarihin duniya a kwanakin baya, kuma ina ganin darajarsa gaba ɗaya tana hannun malamin da ke koyar da shi, mutumin da ƙaunar tarihi ke fitowa a muryarsa tun kafin ya gama gaisuwa. Yakan buɗe darasi da tambaya, kuma ba ya sakin ɗalibi sai ya kawo hujjar amsarsa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na barkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zama gwamnatin wata ƙasa a shekarar 1914, sannan ya sharɗanta mana cewa mu yanke shawara da abin da shugabannin wancan lokaci suka sani kawai. An harbe Yarima Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya-Hungari, a birnin Sarayebo ranar 28 ga Yuni, Ostiriya-Hungari, wadda ta zargi ƙasar Sabiya da hannu a kisan, ta ba ta wa'adin awa 48 na amincewa da sharuɗɗanta a ranar 23 ga Yuli, ta kuma ƙaddamar da yaƙi a kanta ranar 28 ga watan. Rukuninmu ya wakilci Rasha, kuma a nan ne na fahimci dalilin da ya sa ƙasa mai faɗi irin wannan, wadda tara sojojinta ta jirgin ƙasa ke cin makonni, take jin tsoron jinkiri fiye da tsoron gaggawa. Kafin malam ya kai mu ranar 4 ga Agusta, lokacin da Birtaniya ta shiga yaƙin bayan Jamus ta keta ƙasar Beljiyam, kowannenmu ya riga ya ga yadda alƙawuran kare juna suka ɗaure hannun kowa.

Ya kuma koya mana tantance labari, inda ya kafa misali da masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda a littafinsa Muƙaddima na shekarar 1377 ya soki marubutan da ke ambaton rundunonin da ƙasarsu ba za ta iya ciyarwa ba. Tun daga nan duk takardar da ya ba mu sai mun tambayi wanda ya rubuta ta, da lokacin da ya rubuta, da abin da yake nema da ita. Wannan horo, a ganina, ya fi duk shekarun da muka haddace amfani.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne rabon lokaci. Malam yakan daɗe a kan abin da yake so, har ta kai Yaƙin Cacar Baka da rushewar Katangar Balin a 1989 suka cushe a zama guda, abin da bai dace da muhimmancinsu ba. Wanda ke shirin jarrabawa zai buƙaci ƙarin karatu a kan ƙarni na ashirin, amma ina ba duk mai son fahimtar dalilan aukuwar al'amura shawarar ya yi rajista.