Na yi odar 'yar tsanar kacina ta Navajo, ga ra'ayina

Salam jama'a. Masu tambayata kan 'yar tsanar iccen nan da nake nuna ma ɗalibai a ajin zane nan Birnin Kebbi, wadda ake kira kacina, aikin Navajo, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, daga wani shago na intanet a Amurka na yi odarta, ƙanen maiɗakina da ke karatu can shi ya biya ya haɗo ta da kayan wani mai dawowa gida. Tauraro uku zan ba su cikin biyar.

Aikin hannun dai gaskiya ya yi. Irin wadda suke kira mai rawar gaggafa ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, ta buɗe hannuwa an jera mata gashin tsuntsu kamar fukafukai, ƙafa ɗaya a ɗage, an ɗaura mata ɗan bante na fata da tsakiya shuɗiya a wuya, wuyan kuma an zagaye shi da gashin zomo. In ka juya gindin za ka ga mai sassaƙar ya sa hannu da biro ya rubuta Navajo. Fentin fuskar tsaf, baƙi bai shiga fari ba. Inda ban ji daɗi ba hannuwan daban anka sassaƙa su anka manna da gam, ɗayan ma ya iso yana girgiɗi, don shagon takarda kawai sunka naɗa mata cikin kwali babu ko soso.

To amma babban abin da ya rage musu tauraro wurina shi ne ɗan katin da sunka saka ciki, wai kacina tsohuwar al'adar addinin Navajo ce mai kawo sa'a a gida. Wanga zance ba haka yake ba. Kacina ta ƙabilun Hopi ce da Zuni da sauran 'yan uwansu Pueblo, su ma 'yan asalin Amurka. A imanin Hopi wasu ruhohi ne da ke zaune a duwatsun San Francisco kusa da garin Flagstaff a jihar Arizona, suna saukowa ƙauyuka daga wajen ƙarshen Disamba har zuwa Yuli, lokacin bikin Niman da ake sallamarsu, kuma roƙon ruwan sama da albarkar masara shi ne kan gaba, mutane ne masu noma a busasshiyar ƙasa. 'Yan tsanar kuma maza ke sassaƙa su da saiwar wani icce mara nauyi mai fitowa bakin rafi da suke kira kotonwud, a ba yara mata wurin biki kamar Powamuya a watan Fabrairu, a rataye a bangon ɗaki yarinya ta taso ta san kowane ruhu da kamanninsa. Navajo maƙwabtansu ne, ƙasarsu ma ta zagaye ta Hopi, amma addininsu daban, nasu ruhohin Yei ake ce musu, kacinar da suke sassaƙawa ta kasuwa ce don baƙi masu yawon buɗe ido. Kamar mutum ne ya ɗauko homa da gora na masuntan Argungu ya rubuta al'adar Gusau a kai.

Ni ban ga laifin mai sassaƙar ba, neman abincinsa yake kuma bai ɓoye ƙabilarsa ba, Amurka ma tun 1990 tana da dokar da ta hana a sayar da kaya a ce aikin wata ƙabila ne alhali ba nata ba ne. Shagon ne ya kamata ya gyara katinsa, don mutanen Hopi abin nan ba wasa ba ne wurinsu, ko a 2013 da anka yi gwanjon fuskokin da suke sakawa wurin bikinsu a Faris sai da anka je kotu don a hana, ba su yi nasara ba.

Wani abokin aikina ya ce Malam ai wannan gunki ne, na ce shi ya sa ba ta kwana gidana, tana kabad ɗin ofis sai ranar darasi.

Wanda zai saya don koyarwa ya tambayi shagon ƙabilar mai sassaƙar da irin iccen tun kafin ya biya, ya matsa musu su sa soso a kwalin. Kuma a nema mata akwatin gilashi ko leda mai kauri, ƙurar hunturunmu in ta shiga gashin zomon nan fitar da ita sai an sha wuya.