MLB.TV a gidan Kirista: wasan Lahadi ne ribarsa

MLB.TV manhaja ce ta hukumar besbol ta Amurka, tana nuna wasannin ƙungiyoyi 30 kai tsaye ta intanet, kowace ƙungiya wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. A shekarar 2025 kuɗin shekara a Amurka ya kusa dala 150, kuma sai da katin da ke biya da dala. Kafin a biya, a gwada wasan kyauta da suke sakewa a yawancin ranaku, a ga ko intanet ɗin gida zai ɗauka.

Agogo ne abin da zai yanke wa iyali hukunci. A lokacin kakar wasa, Najeriya da Nijar suna gaban New York da awa 5, suna gaban Los Angeles da awa 8. Wasan ƙarfe 7 na yamma a New York sha biyun dare ne a Jos ko Maradi, na Dodgers, ƙungiyar Los Angeles, a gidansu kuwa sai ukun dare. Wanda ya zauna wa wasan daren Asabar zai kwanta wajen ukun dare, da safe a same shi yana gyangyaɗi fasto na wa'azi, ko ya makara kai yara makarantar Lahadi. Babu wasan da ya cancanci haka.

Ranar Lahadi kuwa yawancin wasanni da rana ake yi, wajen ɗaya da rabi a gabashin Amurka, wato shida da rabi na yamma a nan. An tashi sujada, an ci abinci, an gama taron zumunta. Tun 2023 da aka sa wa mai jefa ƙwallo agogon da ke iyakance lokacin kowane jifa, wasa ya ragu daga sama da awa 3 zuwa kamar awa 2 da minti 40, don haka ana gamawa wajen tara da kwata, a yi addu'ar iyali a kwanta. Saboda wannan, gara sabon mai kallo ya zaɓi ƙungiyar gabas, irin su Braves, Phillies ko Orioles.

Sauran kwanaki a kalli maimaici. A shiga saituna a kunna ɓoye sakamako tukuna, in ba haka ba shafin farko zai nuna wanda ya ci kafin a fara. Akwai kuma taƙaitaccen wasa na 'yan mintuna, ya ishi mai zuwa aiki.

Data tana tafiya sosai: hoto mai kyau na cin kusan gigabait 2 a awa. A rage ƙarfin hoton, ko a koma sharhin rediyo, wanda ba ya cin data sosai kuma ya dace da besbol ƙwarai. Wasu wasannin daren Juma'a kuma a Apple TV ake nuna su.

Abin da ya fi damuna shi ne tallar caca. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 da ya ba jihohi damar halatta cacar wasanni, sunayen kamfanonin caca sun cika allunan fili, ga na giya, kuma manhajar ba ta da maɓallin rufe su. Kada a bar yaro da waya shi kaɗai a ɗaki. A sa a talabijin ɗin falo, in tallar ta fito uba ko uwa su gaya masa mene ne.

Kada kuma a saya da tsammanin shirin addini. Ƙungiyar Kirista mai suna Baseball Chapel tana shirya wa 'yan wasa sujadar Lahadi tun 1973, amma a ɗakunansu ake yi, kyamara ba ta shiga. Iyakar abin da za a gani shi ne ɗan wasa ya ɗaga yatsa sama bayan ya buga ƙwallo waje.

Gidan da zai kalli wasa ɗaya kawai a mako, ya fara da biyan wata guda kafin ya ɗauki na shekara.