Kwana biyu da kalanguna a wata situdiyo ta Zango

Na shekara 18 ina kiɗan kalangu a bukukuwan Damagaram, amma sai a watan Afrilun bana na fara shiga situdiyo a matsayin makaɗin haya, bayan wani mawaƙi ya nemi in sa masa kalangu a waƙoƙi 3 a kan jika 15, wato sefa 15,000. Situdiyon tana unguwar Zango, kuma ɗaki biyu ce: ɗaya na kwamfuta da lasifikoki, ɗaya kuma ƙarami mai tagar gilashi inda ake shigar da mai kiɗa ko mai waƙa.

Ƙaramin ɗakin ne babbar matsalar wurin. An manna soso da kwalayen ƙwai a bangonsa, waɗanda suna rage amon ɗaki amma ba sa tare ƙarar waje, saboda haka duk ɗan kabu-kabun da ya wuce sai makirfo ya kama shi a sake ɗauka. Fanka kuwa dole a kashe ta kafin a fara naɗi, alhali zafin Afrilu yana haura digiri 40. Kafin mu gama waƙar farko zufa ta jiƙa tsarkiyar kalangun a hammatata, har hannuna ya fara zamewa duk lokacin da na matsa don ɗaga murya.

Abin da zai sa in koma shi ne yaron da ke kan na'ura. Da farko ya sa mini abin sauraro a kunne mai wani ƙyas-ƙyas da ke ƙirga bugu 112 a minti, ya ce in bi shi daidai, domin manhajar FL Studio da yake aiki da ita a kan wannan ƙirgen take jera komai. Na gwada sau 4 ina kaucewa, saboda kalangu magana yake yi, yana hawa da sauka tare da karin harshen Hausa, kuma idan mawaƙi ya ja kalma dole in ja tare da shi. Da wani ma'aikacin ne, da ya yanki bugu kaɗan daga kiɗana ya riƙa maimaita shi har ƙarshen waƙa, ya sallame ni. Shi kuwa ya cire ƙyas-ƙyas ɗin, ya bar mini muryar mawaƙin kaɗai, ya ce: "Kawu, ka amsa masa yadda kake yi a gidan biki, ni zan gyara piyano ya bi ka." Ya kuma janye makirfon kamar taƙi biyu daga fatar, ya karkata shi gefe, sai kaifin sandar ya ragu, zurfin gangar ya fito. Da ya kunna mini, karo na farko ke nan da na ji kirarin da nake yi da hannuna yadda mai rawa yake jin sa.

A rana ta biyu wuta ta ɗauke, janaretansu kuma yana dab da tagar, makirfo zai kama ƙararsa, don haka muka zauna awa 2 muna shan shayi ba tare da an ƙara mini ko dala ba. Wanda zai je ya nemi lokacin bayan sallar isha'i, sa'ad da titi ya yi shiru, kuma ya daidaita da mawaƙin tun farko a kan kuɗin jira da sanya sunan makaɗi a jikin waƙa, domin ni ban yi hakan ba, kuma waƙoƙin sun fita babu sunana.